Wane gidan kunama zan saya don gajeriyar bindiga mai rajista a Amurka?

Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Texas ya rubuto cewa: "Malam, ina da takardar zama ta dindindin a Amurka, kuma ina da AR-15 mai bututu inci 16 da nake zuwa filin harbi da ita. Yanzu ina son in haɗa gajeriya mai inci 11.5, in yi mata rajista yadda doka ta ce. Inda na tsaya shi ne lowa. Na ga na dala 70, na kuma ga na dala 400 wanda aka sassaƙa, mai kyan gani. Wasu sun ce tunda da sunana zai zauna har abada, gara in sayi mai tsadar. Ni kuma bahago ne. Wanne zan ɗauka?"

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa, kuma ka kyauta da ka fara da maganar rajista kafin maganar ado. Shawarata ita ce ka sayi lowa (wato gidan kunama, sashen ƙasan bindigar) na ƙira, na alminiyom 7075-T6, wanda aka yi a kan ma'aunin soja, daga kamfanin da aka san aikinsa ba ya tashi yana faɗuwa. Ka haɗa shi, ka yi harbi da shi da dogon bututunka har ka gamsu, sannan ka zana masa suna ka cike fom. Masu cewa ka sayi mai tsada sun hango wani abu na gaskiya, amma sun ɗauki maganin da ba shi ba. Abin da kake nema a ƙarfen da zai daɗe a hannunka shi ne ramukansa su zauna daidai inda ya kamata, kuma kayan gyaransa su samu a kowane shago ko bayan shekara 20. Tsada ba ta ba da tabbacin ko ɗaya daga cikin biyun nan.

Ga wanda bai saba da bindigar ba, AR-15 gida biyu ce da ƙusoshi biyu ke haɗawa. Sashen sama yana ɗauke da bututu, da sakata, da abin saiti. Sashen ƙasa, wato lowa ko gidan kunama, yana ɗauke da kunama, da makulli, da ramin magazin, da mariƙi, da bututun bafa wanda ƙota ke hawa a kai (bafa shi ne nauyin da ke tarbar sakata in ta koma baya bayan harbi). A idon dokar Amurka, wannan na ƙasa shi ne bindigar, domin a jikinsa lambar siriyal take. Kamar lambar shasi ce a mota: ka canja inji, ka canja taya, ka sake fenti, takardun suna nan a kan shasin. Sashen sama kuwa za ka iya sayensa ta intanet a kawo maka har ƙofar gida a yawancin jihohi, amma lowa sai ta hannun dila mai lasisin tarayya, ka cike fom 4473, a binciki tarihinka. Lowa tsirara da ba a haɗa ba, dila ba zai sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba.

Dokar da ta shafe ka ita ce dokar bindigogi ta tarayya ta 1934, wadda ake kira NFA. A ƙarƙashinta, duk raifil da bututunta bai kai inci 16 ba, ko wadda aka rage har tsawonta gaba ɗaya ya gaza inci 26, gajeriyar raifil ce, wadda ake kira SBR, kuma sai da rajista a ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi. Ana auna bututu ne daga fuskar sakata a rufe zuwa baki, kuma abin da aka ɗaura a bakin ba ya shiga lissafi sai in an like shi dindindin da walda. Asalin abin ma akwai ban mamaki. Daftarin farko na dokar ya haɗa da ƙananan bindigogin hannu, aka sa iyakar tsawon bututu don kada mutum ya yanke raifil ya mayar da ita ta hannu ya kauce wa doka. Daga baya aka cire bindigogin hannu daga daftarin, iyakar kuwa ta zauna. Da farko inci 18 ce, a 1960 aka mayar da ta raifil 16. Harajin dala 200 da aka sa tun 1934 ya zauna bai motsa ba fiye da shekara 90, sai dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli 2025 ta mayar da shi sifili ga gajerun raifil da salansa (abin rage ƙarar harbi) daga 1 ga Janairu 2026. Harajin kaɗai ta taɓa. Fom 1 na neman izinin haɗawa, da hoto, da zanen yatsu, da jiran amincewa duk ta bar su, haka kuma hukuncin da ya kai shekara 10 a gidan yari ga wanda ya haɗa ba tare da amincewa ba. Ƙa'idojin nan suna motsi a 'yan shekarun nan, don haka ranar da za ka cike fom ka karanta umarnin da ke jikinsa a wannan ranar, kada ka dogara da abin da abokai suka yi shekara uku da suka wuce.

To, rajistar tana bin lambar siriyal ɗin wannan ƙarfe guda. In ya karye ya wuce gyara, ba za ka ɗauki amincewar ka liƙa wa wani ba, sabon fom za ka fara. In ka gaji da shi, sayar da shi wahala ne, domin sunanka da garinka suna zane a jikinsa, kuma mai saye yana iya haɗa nasa sabo da sunansa cikin sauƙi. Nan ne asalin maganar "har abada" da aka faɗa maka.

Yanzu ga ƙarfen kansa. Hanya huɗu ake bi wajen yin lowa: ƙira, sassaƙa, zubi, da roba. Na ƙira, ana ɗora zafaffen alminiyom a cikin mazubi a danne shi da babban inji har ya ɗauki siffa, sannan a kai shi injin yanka a fitar da ramuka. Dannewar tana sa zaren cikin ƙarfen ya bi lanƙwasar siffar, shi ya sa yake da ƙarfi ba tare da kauri ba. Shi ne irin wanda sojan Amurka ke amfani da shi a M16 da M4. Na sassaƙa, ana ɗaukar dunƙulen alminiyom a yi ta fafe shi da inji mai kwamfuta har siffar ta fito. Yana cin lokacin inji, yana zubar da ƙarfe da yawa, kuma kuɗin wannan lokacin kake biya, tare da kuɗin ado. Ba na cewa ba shi da ƙarfi. Mai kyau a cikinsu zai kai ka inda na ƙira zai kai ka, sai dai galibi ya fi nauyi kaɗan saboda an ƙara masa kauri. Na zubi ka bar shi. Na roba ma, a wannan aiki, ka bar shi, domin inda ya saba tsagewa shi ne zoben baya da bututun bafa ke ɗaurewa a ciki, kuma gajeriyar bindiga nan take dukan da ya fi na doguwa.

Ka duba lambar alminiyom ɗin a bayanin kaya. 7075-T6 ya kusa ninka 6061-T6 a ƙarfin ja. Wasu masu sassaƙa suna amfani da 6061 saboda ya fi sauƙin yanka, su sayar da shi da tsadar da ta fi ta 7075 na ƙira. In kamfani ya rubuta "alminiyom irin na jirgin sama" bai ba da lamba ba, ka wuce. Rufin jiki kuma ka nemi anodayiz mai tauri nau'i na 3, wanda yake shiga cikin fatar ƙarfen ya taurara ta. Fenti irin Cerakote ado ne mai kyau in an shafa shi a kan anodayiz, amma in a kan ƙarfe tsirara aka shafa, ramukan ƙusoshi ba su da wannan taurin.

Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, lowa ba ya ɗaukar ƙarfin fashewar harsashi. A tsarin da Eugene Stoner ya fitar a kamfanin ArmaLite a shekarun 1950, sakata tana kullewa ne a cikin gindin bututu, ƙarfe a cikin ƙarfe, duk a sashen sama. Saiti ma a sama yake. Saboda haka lowa na dala 400 ba zai matse maka harsasai wuri guda a kan allo fiye da na dala 70 ba. Ɗan girgizar da ake ji tsakanin sama da ƙasa, wadda take hana wasu barci har su sayi "saiti mai dacewa da juna", ba ta taɓa saitin harbi, domin bututu da abin saiti tare suke motsi. In tana damunka, akwai lowa masu ɗan sukuru a ƙarƙashin mariƙi da ake matsewa ta ɗauke.

Inda lowa ke cin amanar mai shi shi ne wurin ramuka, kuma a nan nake son ka ɓata lokacinka. Kamfanonin da ke buga ɗanyen ƙira kaɗan ne, irin su Cerro da Anchor Harvey, amma masu yanka suna da yawa. Za ka iya samun lowa biyu daga mazubi ɗaya, ɗaya ya fito daidai ɗaya ya karkace, bambancin daga wanda ya yanka ne da kuma ko yana auna abin da ya yanka. Ramukan ƙusar kunama da ta hama (ƙarfen da kunama ke saki ya yi bugu) inci 0.154 ne a ma'aunin soja. In sun goce ko da kaɗan, makulli zai ƙi shiga da kyau, ko kunama ta yi wani irin ja, ko ƙusoshin su riƙa zamewa gefe. Ramin magazin in ya matse, magazin ba zai faɗo da kansa ba in ka danna maɓalli. In ya yi faɗi ko mariƙinsa ya zauna ƙasa, harsashi zai riƙa cin karo a hanyar shiga. Akwai wani ƙaramin rami a baya inda ɗan ƙarfen da ke tare bafa yake zama. In an huda shi baya da inda ya dace, bafa zai riƙa dukan ɗan ƙarfen nan a kowane harbi, za ka ga fuskar bafa ta ciccije a gefe-gefe. Tiredin zoben baya kuma in bai miƙe ba, bututun bafa zai karkata, sakata ta riƙa gogarsa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ido zai gani a hoton talla, kuma kowanne yana faruwa a mai araha da mai tsada.

Maganinsu gwaji ne. Ka sayi lowa ɗin, ka haɗa masa kunama da makulli da bafa da ƙota, ka ɗora masa sashen saman nan naka mai inci 16, ka tafi filin harbi. Ka tafi da magazin iri biyu aƙalla, na roba irin PMAG da na alminiyom irin na soja, ka ga ko kowanne yana shiga ya kulle, yana faɗowa da kansa, kuma sakata tana tsayawa a baya bayan harsashin ƙarshe. Ka harba ɗaruruwan harsasai, ba kwali ɗaya ba. Ka dawo gida ka buɗe, ka duba fuskar bafa, ka duba ko ƙusoshi sun motsa, ka gwada makulli da bindiga babu harsashi. In akwai matsala, yanzu ne za ka mayar wa kamfani a canja maka kamar kowane kaya. Bayan ka zana suna ka sami amincewa, mayarwa ta zama doguwar magana. Sauri ya haifi nawa, kuma a wannan harka na ga ya haife ta ga mutanen da suka cike fom ranar da suka karɓo ƙarfe daga dila.

Wannan ya kai mu ga wata hanya da ba ka ambata ba. Lowa ɗin bindigar da kake da ita yanzu, in na ƙira ne kuma bai taɓa ba ka matsala ba, ya riga ya ci jarrabawar da nake magana a kai. Babu abin da ya hana ka yi masa rajista, ka ajiye kuɗin. Dalilin da zai sa ka ƙi shi ne in kana son bindiga guda da ba ta cikin rajistar NFA ko kaɗan, wadda za ka ba ɗanka aro a filin harbi ko ka sayar ba tare da tunani ba. Ni na fi son mutum ya bar ta farko yadda take ya sayi na biyu, tunda na ƙira ba ya karya aljihu, amma duka hanyoyin suna da kyau. Sai dai in tsohuwar Colt ce ta kasuwar farar hula ta shekarun 1990, ka auna ƙusoshinta tukuna, domin kamfanin ya yi shekaru yana yin su da inci 0.170, kuma kunamomin zamani da yawa ba sa shiga.

Ka kula da jerin yadda za ka sayi kaya, wannan ba wasa ba ne. Kai yanzu raifil kake da ita mai ƙota. In ka sayi sashen sama mai inci 11.5 ka ajiye a gida kafin amincewa ta fito, ka tara kayan da ba su da wani amfani a hannunka sai haɗa gajeriyar raifil marar rajista, ko da ba ka taɓa haɗa su ba. Kotun Ƙolin Amurka ta taɓo wannan batu a shari'ar Thompson/Center Arms ta 1992, kuma abin da masu harkar suka ɗauka daga ciki shi ne, tarin kayan da babu wata halastacciyar hanyar haɗa su yana iya zama laifi. Hanya mafi tsabta ita ce gajeren bututu ya zama abu na ƙarshe da zai shigo gidanka, bayan takardar amincewa ta iso. Wasu suna fara haɗa lowa tsirara a matsayin bindigar hannu, babu ƙota, don su gwada gajeren bututun kafin rajista. Doka ta yarda da haka ga lowa da bai taɓa zama raifil ba, amma wanda aka fara haɗa shi da ƙota da dogon bututu ya zama raifil ke nan, ba ya komawa bindigar hannu. Ga kuma rigimar abin tallafin hannu da ake ɗaura wa irin wannan bindigar hannu a madadin ƙota, wanda ATF ta fitar wa ƙa'ida a 2023, wata kotun tarayya a Texas ta soke ta a 2024. Kai da ba ɗan ƙasa ba tukuna, laifin bindiga yana iya cinye takardar zamanka bayan hukuncin kotu, don haka ka bi hanyar da ba ta da wata fassara: gwaji da inci 16, jira, sannan gajere.

Zanen suna ma yana da hannu a zaɓin lowa. Da Fom 1, kai ne "mai ƙerawa" a idon doka, don haka sai an zana sunanka da gari da jiha, zurfin zanen ya kai aƙalla inci 0.003. Lambar siriyal ta kamfani ita za ka ci gaba da amfani da ita. Masu zane da leza sun saba yin haruffan da tsayin da bai gaza 1/16 na inci ba, wanda shi ne ma'aunin da doka ta sa wa lambar siriyal. Wurin ya zama ana ganinsa ba tare da an kwance wani abu ba, kamar gefen ramin magazin, ko gabansa, ko kusa da kunama. Lowa na ƙira yana da shimfiɗaɗɗun wurare da suka isa. Wasu na sassaƙa kuwa an cika su da tsagi da tagogi da hoton ƙoƙon kai, har mai zane ya rasa inda zai sa layi biyu. Sunan da za a zana ya zama harafi da harafi yadda yake a fom, yadda kuma yake a katin shaidarka. Mu da takardunmu kan zo da Muhammad a wata, Mohammed a wata, ko sunan gari a matsayin sunan mahaifi, ka zauna ka daidaita wannan kafin leza ta taɓa ƙarfe. Na fi son a yi zanen bayan gwaji, kafin a tura fom ko ana cikin jira, domin a lokacin ƙarfen lowa ne kawai, kai shi wurin mai zane ba shi da wani sharaɗi na musamman, kuma in ya ɓata aikin ba ka yi asarar rajista ba. In za ka yi fenti, ka gaya wa mai zanen, kada fentin ya cike zurfin.

In da amanar iyali za ka yi rajistar, wadda ake kira tiros, sunanta za a zana maimakon naka, don haka ka raɗa mata gajeren suna. Amfaninta shi ne matarka ko ɗan'uwanka da ka sa a ciki zai iya riƙe bindigar ba ka nan. Tun daga Yulin 2016, kowane mai iko a cikin amanar sai ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa.

Game da abin da aka rubuta na girman harsashi a jikin lowa, za ka ga wasu da 5.56, wasu da kalmar MULTI. Kada wannan ya tsayar da kai. A fom dai sai ka rubuta takamaiman harsashi da tsawon bututu da tsawon bindiga, ATF ba ta karɓar MULTI a matsayin amsa, kuma girman harsashin ya kasance a rubuce a jikin bindigar, wanda galibi yana kan bututu tun daga kamfani. Daga baya kana iya ɗora wani sashen sama na ɗan lokaci, in kuma canjin na dindindin ne sai ka rubuta wa sashen NFA da ke Martinsburg a jihar West Virginia su gyara bayanin. A nan lowa na ma'aunin soja yake nuna darajarsa, domin ƙarfe ɗaya mai rajista zai ɗauki 5.56 mai inci 11.5 yau, gobe .300 Blackout mai inci 9, jibi ƙaramin .22 na atisaye. Wanda aka yi musamman don magazin ɗin Glock na 9mm ya kulle ka a harsashi guda. Na .308 kuwa wani gida ne daban, mai tsari biyu da ba sa shiga juna. In ranar .300 Blackout ta zo, ka ware masa magazin nasa masu alamar da ba ta ɓuya. Harsashinsa yana iya shiga bututun 5.56 sakata ta rufe, kuma in aka ja kunama bindigar ce ke tarwatsewa a fuskar mai harbi.

Sai maganar bahagonci, wadda ita kaɗai ce za ta iya sa in ce ka ƙara kuɗi. Makulli mai hannu biyu ana sa shi a kowane lowa cikin 'yan mintuna. Maɓallin sakin magazin na gefen hagu ma akwai na sayarwa da ke shiga ramin da aka saba, irin na Norgon. Mariƙin sakata kuwa dama a hagu yake, bahago da yawa da yatsan kunama suke danna shi, har sun fi na-dama jin daɗinsa. Abin da lowa na musamman ke ƙara maka shi ne sakin sakata, wasu har da riƙe ta, daga gefen dama, an gina shi a jikin ƙarfen. LMT suna da MARS-L, wanda na ƙira ne, Knight's Armament suna da SR-15, Radian da American Defense suna da nasu na sassaƙa. Kayan kirki ne, ba na kushe su. Amma kowanne yana da ƙananan ƙarafa da sifirin da shi kaɗai ke yin su, ranar da ɗaya ya ɓace ko ya karye, ƙofa ɗaya za ka ƙwanƙwasa. Kamfanonin bindiga kuma suna rufewa ko a saye su. Anderson da ke jihar Kentucky, wanda lowa ɗinsa masu araha suka cika kasuwa shekara da shekaru, Ruger ta saye masana'antarsa a 2025 aka daina sunan. Wanda ke riƙe da lowa ɗinsu bai rasa komai ba, domin kayan kowa suna shiga. Da mai keɓaɓɓun kaya ne, da labarin ya bambanta. Don haka ka fara aron irin wannan lowa a filin harbi ka ji ko hannunka na dama yana neman wannan maɓallin da gaske. In yana nema, ka ɗauki na ƙira a cikinsu, ka sayi kayan gyaransa saiti biyu rana ɗaya ka ajiye. In ba ya nema, ka tsaya a kan na yau da kullum daga irin su Aero Precision, BCM, ko Colt na yanzu.

Ƙananan gyare-gyare biyu da nake so a lowa na zamani, ba dole ba ne amma suna da amfani ga mai haɗawa da kansa: kariyar kunama da aka yi haɗe da jiki, da ƙusar mariƙin sakata mai tiredi. Kunnuwa biyun da ke riƙe kariyar kunama a lowa na asali su ne abin da sababbin hannu suka fi karyawa, in suka buga ƙusa ba su tallafe kunnen ba. M4E1 na Aero yana da duka biyun, kuma sauran kayansa na kowa ne.

Kuɗin da ka rage, ga inda za su yi aiki. Gajeren bututu yana sa iskar harbi ta iso wa sakata da zafi da gaggawa, in ka ƙara salansa abin ya ƙaru, duk dukan kuma a bayan lowa yake sauka. Ka sayi bututun bafa na 7075 mai faɗin ma'aunin soja, inci 1.148, ba na kasuwa mai 1.168 ba. A ɗaure notinsa da ƙarfin da ya kai kimanin 40 a ma'aunin ƙafa-fam, a dandaƙe gefen farantin ya riƙe shi kada ya kwance. Bafa na yau da kullum oza 3 ne. A inci 11.5 ka fara da bafa mai nauyi da ake kira H2, mai kimanin oza 4.6, ka ga yadda take fitar da kwanso. Zaɓinka na 11.5 ma ya yi. Sojan Amurka sun gwada inci 10 a gajeriyar raifil ɗinsu XM177 lokacin yaƙin Biyetnam suka koma 11.5, kuma ko da Mk 18 mai inci 10.3 ya yi suna daga baya, wannan ɗan ƙarin tsawon yana sa bindiga ta fi haƙuri da harsashi iri-iri. Sauran kuɗin ka sa a kunama mai kyau, da akwatin ƙarfe mai makulli in akwai yara a gida, da harsashin gwaji.

Texas ta yarda da SBR mai rajistar tarayya, amma amincewar ba ta bin ka ko'ina. Kafin ka tsallaka da ita wata jiha a gajeriyar siffarta, ko don ziyara ko don ƙaura, sai ka nemi izini da fom 5320.20. Jihohi irin su New York, New Jersey da Hawaii ba su yarda farar hula ya riƙe ta ba, Kalifoniya ma kusan haka. In akwai yiwuwar aiki ya mayar da kai wajen 'yan'uwa a Bronx da ke New York, ka yi wannan lissafin tun yanzu. Ga masu karatu da ke Amurka da bizar karatu ko ta ziyara, amsar nan ba taku ba ce, domin dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga sai da wasu keɓaɓɓun sharuɗɗa. Kuma komai ƙanƙantar lowa, kada wani ya roƙe ka ka sa masa shi a kwantena ko a cikin motar da za a tura gida. Fitar da shi daga Amurka ba lasisi babban laifin tarayya ne, a Najeriya kuma Dokar Makamai ta 1959 tana jiran wanda ya karɓa.